Idan Kaya Suka Halaka A Hanya, Asarar Wa Ce?

Wannan shi ne bayanin jawabin da aka gabatar wa 'yan'uwa matasa na Rano da Kibiya, a wani zama da suka yi a harabar wata makarantar Islamiyya da ke cikin garin Rano jim kaɗan bayan an kawar da amfanin gona. Mafi yawan waɗanda suka halarta samari ne masu bin kasuwannin ƙauye suna tara riɗi da waken suya da zoɓo, suna kai wa manyan 'yan kasuwa a Dawanau, wasunsu ma har sun fara samun saƙonni ta waya daga masu saye na ƙasashen waje. Malamin da ya yi jawabin ya karanci fiƙihu a zaure, sannan ya yi shekaru yana aikin shigar da kaya da fito da su a tashar jiragen ruwa ta Legas. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (S.A.W.), Malam ya fara da tuna wa 'yan'uwa cewa cinikin nesa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Rano. Ya ce a labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ake kira sarakunan baba, saboda saƙa da rini, kuma lokacin da Baturen nan Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar tufafin wannan ƙasa suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Ya ce Alhassan Ɗantata ma, wanda ya rasu a 1955, mutumin Bebeji ne, maƙwabtanmu, kuma da fataucin goro na Gwanja ya fara kafin ya shiga gyaɗa.

Amma fa, in ji Malam, fataken da suna da abin da mu ba mu da shi. Suna da madugu a hanya, suna da maigida a garin da za su sauka. Maigidan nan shi ke ba su masauki, shi ke nemo mai saye, shi ke tsayawa lamuni idan an ɗauki kaya bashi. Wanda ya ci amana kuwa ba ya sake shiga kasuwar. Da zamanin gyaɗa ya zo, kamfanonin Turawa ne da farko, daga baya kuma hukumomin sayen amfanin gona, suke ƙulla ciniki da ƙasashen waje, iyakar ɗan kasuwarmu ya kai kaya sikeli ya karɓi kuɗinsa. A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe waɗannan hukumomi, tun daga nan kowa ya koma tashi ta fisshe shi. Yanzu mai sayen riɗinka yana Turkiyya ko Japan ko Sin, mai sayen zoɓonka yana Meziko, ba ka taɓa ganinsa ba, ba wani maigida a tsakaninku. Abin da ya tsaya a gurbin maigida shi ne takardar yarjejeniya. Wanda bai iya karanta ta ba, ya ce, tamkar falke ne da ya sauka a garin da bai san kowa ba cikin dare.

YAUSHE CINIKI YA ƘULLU?

Da ya shiga cikin maganar sosai, Malam bai daɗe a kan wannan gaɓa ba, domin a cewarsa duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa ya san ta, sunayen ne kawai bai sani ba. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har ya ce ya sallama. Tayi da sallamawa su ne abin da malaman fiƙihu ke kira ijabi da ƙabuli, kuma su ne ginshiƙin yarjejeniya a dokar Turawa ma. Ya ce a mazhabar Imamu Malik da zarar yarda ta bayyana daga ɓangarorin biyu ciniki ya tabbata, ba a jiran sai an tashi daga majalisi, saɓanin Shafi'iyya da Hambaliyya da suke ba kowa damar janyewa matuƙar ba a rabu ba.

Ya ja kunnen samari a kan abu guda. Idan aka yi maka tayi ka mayar da wani farashi, to ka kashe tayin farko. Ya kawo wata tsohuwar shari'a da aka yi a Ingila a 1840, inda wani ya sa wa gonarsa kuɗi fam 1,000, mai saye ya ce 950, mai gona ya ƙi, sai mai saye ya dawo ya ce to ya yarda da 1,000 ɗin, kotu ta ce babu ciniki. Haka nan, in ji shi, saƙon da ka tura ta waya kana cewa ka yarda da farashi da adadi, yana iya zama ƙabuli mai ɗaure ka. Kada wani ya ɗauka sai an buga hatimi sannan magana ta zama magana.

Kan dokar da ke hukunta irin wannan ciniki, ya ce a 1980 an ƙulla wata yarjejeniya a birnin Viyana ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sayar da kaya tsakanin ƙasa da ƙasa, ta fara aiki a 1988, kuma ƙasashe sama da 90 sun shige ta, ciki har da Amurka da Sin da Japan da Turkiyya da Meziko. Nijeriya ba ta cikinta, Ingila ma haka. Mu a nan tushen dokarmu ta ciniki ita ce dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893 da 'yan mulkin mallaka suka bar mana. Amma idan ka sa hannu a takardar da ta ce dokar Turkiyya za a bi, to ta wannan ƙofa dokar Viyana tana iya hawa kanka ba ka ma taɓa jin sunanta ba.

HARUFFA UKU

Nan ne Malam ya zauna sosai, har ya ce in da wannan kaɗai 'yan'uwa za su tafi da shi gida, zaman bai faɗi ba.

Ya buga misali. A ƙaddara ɗan'uwa ya haɗa riɗi cikin kwantena guda, wato kimanin tan 19, an yi ciniki a kan dala 1,500 kowane tan, jimla dala 28,500. Kayan sun tashi daga sito a Dawanau, za su bi ta Zariya, Kaduna, Mokwa, Jebba, Ilori, Ibadan, har Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000. Daga nan su kwana a tasha kwanaki, a ɗora su a jirgi, jirgi ya yi makonni a teku. To idan tirela ta faɗi a Jebba, asarar wa ce? Idan ruwan sama ya shiga kwantenar tana ajiye a Apapa fa? Idan kuma jirgin ne ya gamu da hadari a tsakiyar teku? Ya ce wa 'yan'uwa su ba shi amsa. Aka yi ta kawo amsoshi mabambanta, wani ya ce ai wanda ya biya kuɗin mota shi ke da asara, wani ya ce a raba biyu tun da ƙaddara ce.

Sai Malam ya ce wannan tambaya malamanmu sun riga Turawa yin ta, kuma suna kiran babin da sunan lamuni, wato a wuyan wa kaya suke. Ya ce a bayanin da ke cikin Muhtasar na Shehu Halilu, asali idan ciniki ya inganta kuma kayan ga su a fili an ayyana su, to lamuninsu ya koma kan mai saye da ƙulluwar cinikin. Amma an cire wasu abubuwa. Daga ciki akwai duk abin da ake aunawa da mudu ko sikeli ko a ƙidaya, wannan yana wuyan mai sayarwa har sai an auna an miƙa, ladan awon ma a kansa yake. Akwai kuma kayan da ba sa wurin, aka sayar da su bisa siffantawa, su ma suna wuyan mai sayarwa har mai saye ya karɓa, sai dai in an gindaya sharaɗin da ya sauya hakan. To riɗin da ka sayar wa mutumin Turkiyya ya haɗa duka biyun, abin awo ne kuma ba ya gaban mai saye. Saboda haka komai ya rataya ne a kan sharaɗin da kuka gindaya.

Ya ce 'yan kasuwar duniya sun taƙaita wannan sharaɗi cikin haruffa uku-uku. Cibiyar 'yan kasuwa ta duniya da ke birnin Faris ce ta fara tsara su a 1936, ana kiransu Inkotam, ana sabunta su lokaci-lokaci, kuma bugun 2020 yana da ƙa'idoji 11. Ya ce ba zai bi su duka ba, don wasunsu sai mu tsufa ba mu haɗu da su ba.

Idan takarda ta ce EXW Kano, to kai iyakarka ka tanadi kaya a sitonka, mai saye ya zo ya kwashe, daga ƙofar sito komai nasa ne. Idan ta ce FOB Legas, wanda shi ne aka fi yi da mutanenmu, to motar Legas taka ce, takardun kwastam na fita naka ne, kuma kayan suna wuyanka har sai sun hau cikin jirgi. Tirelar da ta faɗi a Jebba asararka ce. Kwantenar da ta jiƙe a Apapa tana jiran jirgi, ita ma asararka ce, ko da kuwa ka miƙa ta ga ma'aikatan tasha tun mako biyu da suka wuce, ba ka da ikon ko leƙa ta. Wannan ne ma ya sa masu tsara ƙa'idojin da kansu suke ba da shawarar cewa kayan kwantena a yi su a kan FCA, inda lamuni ke sauka daga wuyanka da zarar ka damƙa kaya ga kamfanin sufurin da mai saye ya ayyana, a wurin da aka ambata. Ya ce tun da an ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a watan Janairun 2023, ya dace mai fitar da kaya daga Kano ya tambaya ko za a iya rubuta wurin miƙawa a nan gida. In mai saye ya yarda, kuma kamfanin jirgi ya karɓa, to ka sauke wa kanka hanyar Legas baki ɗaya.

Sai CIF, wadda ya ce ita ce ta fi ruɗa mutane, har da waɗanda suka daɗe a harkar. A nan mai sayarwa ne ke biyan kuɗin jirgi har tashar mai saye, shi ne kuma ke yanka wa kayan inshora, wadda ba za ta gaza kuɗin kayan da ƙarin kashi 10 cikin 100 ba. A misalinmu dala 31,350 ke nan. Mutum sai ya zaci tun da shi ya biya jirgi, kaya suna wuyansa har su isa. Ba haka ba ne. Lamuni ya koma kan mai saye tun ranar da kaya suka hau jirgi a Legas, daidai da FOB. Jirgi ya nutse, mai saye zai biya ka kuɗinka muddin takardunka sun cika, shi kuma ya bi kamfanin inshora. Ke nan wurin da kuɗin sufuri ya tsaya daban, wurin da asara ta tsaya daban. Ya ce 'yan'uwa masu sayo kaya daga Sin ko Dubai su juya maganar su gani: idan ka sayi kaya CIF Legas suka lalace a teku, kai ne mai saye, asarar taka ce, kuma inshorar da ake yanka wa CIF a bisa ƙa'ida mafi ƙaranci ce, ba kowace irin ɓarna take ɗauka ba.

Ya gargaɗi samari kada kwaɗayin farashi ya kai su ga DDP, inda za ka ɗauki nauyin kaya har ƙofar mai saye tare da biyan harajin kwastam na ƙasar da ba ka san dokarta ba. Ya ƙara da cewa haruffan nan ba sa faɗin yaushe mallaka ke komawa, ba sa faɗin yadda za a biya kuɗi, ba sa faɗin hukuncin wanda ya saɓa. Waɗannan sai an rubuta su daban. Kuma a rubuta sunan wuri da shekarar bugu, kada a bar haruffa tsirara.

Abin lura a nan shi ne, mafi yawan waɗanda ke zaune a wurin ba su taɓa ganin teku ba, iyakar kayansu Dawanau. Malam bai manta da su ba. Ya ce tambayar ba ta canza ba don tafiyar ta gajarta. Ka tara buhu hamsin daga kasuwannin Kibiya, Alhaji ya ce ka kawo. Da sikelin wa za a yi aiki, naka na nan ko nasa na can? Wa zai biya 'yan dako? In an tankaɗe an cire tsakuwa da ƙaiƙayi, ragin a kan wa? In mota ta lalace a hanya ruwa ya daki kaya fa? Ya ce sau nawa zumunci ya lalace a garin nan saboda kunya ta hana a yi waɗannan tambayoyi kafin a yi lodi, alhali kuwa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

DARASIN SIMINTI

Don kada 'yan'uwa su zaci ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ke faɗawa wannan rami, Malam ya ba da labarin abin da ya sami ƙasar nan kanta a 1975, lokacin da kuɗin man fetur ya yi yawa a hannun gwamnatin Gowon. Ya ce kamar yadda ya fito a shari'ar da aka yi a Amurka daga baya, Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya 109 da kamfanoni 68, ta sayi siminti sama da tan miliyan 16, a kan kuɗi kusan dala biliyan 1. Aka buɗe wa masu kawowa takardun lamuni na banki waɗanda ba a janyewa. Aka kuma yarda a rubuce cewa jirgin da ya iso bai samu an sauke shi ba za a riƙa biyansa kuɗin zaman jira, wanda mutanen tasha ke kira dimorej. A wasu yarjejeniyoyin dala 3,500 ne kowace rana ga kowane jirgi. Ba wanda ya tsaya ya tambaya ko tashar Legas za ta iya sauke wannan kaya.

Zuwa watan Yulin 1975 jirage sama da 400 ne ke jere a bakin Legas, 260 daga cikinsu siminti ne a ciki. Malam ya ce wa wani ɗalibi ya buga lissafi: in a ce duk 260 ɗin a kan wancan farashi suke, dala 910,000 ke nan kullum garin Allah ya waye, ba a sauke ko buhu ɗaya ba. Wani simintin ma a cikin jirgi ya daskare. Abinci da magani suka rasa hanyar shigowa. A ƙarshen watan nan ne aka hamɓarar da Gowon, Janar Murtala ya hau, gwamnati ta hana jirage tahowa sai da izini, Babban Banki kuma ya umarci bankunan waje su dakatar da biya.

To sai kamfanoni suka garzaya kotu. Wani kamfanin ƙasar Suwizalan mai suna Trendtex, wanda ke riƙe da haƙƙi a takardar lamuni ta sama da dala miliyan 14 kan siminti tan 240,000, ya kai Babban Bankin Nijeriya ƙara a Landan. Bankin ya ce shi hukumar gwamnati ne, ba a gurfanar da shi a kotun wata ƙasa. A 1977 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ƙi karɓar wannan hanzari. A 1981 wata kotun ɗaukaka ƙara a Niyok ita ma ta ce sayen siminti kasuwanci ne, ƙasar da ta shiga kasuwa kuma a matsayin ɗan kasuwa za a ɗauke ta. Har yau ɗaliban shari'a a ƙasashe da dama suna karanta waɗannan hukunce-hukunce biyu da sunan Nijeriya a kansu. Malam ya ce in rigar gwamnati ba ta kare Babban Banki daga abin da ya sa wa hannu ba, to wace riga ce za ta kare ɗan Rurum ko ɗan Tarai?

Daga wannan labari ya shiga bayanin takardar lamuni ta banki, wadda 'yan kasuwa ke kira elsi. Ya ce ita ce mafi kusa da aikin maigidan fatake: bankin mai saye ya yi alkawarin biyanka idan ka kawo takardu kaza da kaza kafin rana kaza. Sai dai shi banki ba ya buɗe buhu, takarda yake dubawa. A ƙa'idojin da bankuna ke bi tun 2007, yana da kwanakin aiki biyar ya duba ya karɓa ko ya ƙi. Riɗinka ya fi na kowa kyau, amma an yi lodi kwana ɗaya bayan ranar da aka yanka, ko nauyin da ke takardar kuɗi ya saɓa da na takardar jirgi, banki yana da ikon ya ƙi biya, ka koma roƙon mai saye, shi kuma in farashi ya faɗi a lokacin sai ya ce sai ka rage.

Takardar shaidar lodi da kamfanin jirgi ke bayarwa kuwa, ya ce a ɗauke ta tamkar mabuɗin sito. Wanda ya riƙe ta asali da sunansa shi ke karɓar kaya a can. Duk wanda ya ce ka aiko masa da ita tukuna zai turo kuɗi, kyauta yake nema. Kuma ba a nan masifar ta tsaya ba: mai fitar da kaya ya cike fom ɗin NXP ta bankinsa, kuma ƙa'idar Babban Banki ita ce kuɗin kayan da ba na man fetur ba su dawo gida cikin kwana 180. Ga kaya sun tafi, ga kuɗi ba su zo ba, ga hukuma tana tambayarka ina dala.

NAMU LAIFIN

Malam bai bar 'yan'uwa su tashi da tunanin cewa kullum mu ake cuta ba. Ya ce da yawa daga masu sayen waje suna tsoronmu, kuma da dalilinsu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka riƙa samu a cikinsa, irin wanda muke kira fiya-fiya, wanda wasu ke zubawa a buhu don kada wake ya yi ƙwari. Mutum ɗaya ya zuba a sitonsa, an rufe wa ƙasa guda kasuwa. Ya ce mai zuba yashi a riɗi, da mai yayyafa wa zoɓo ruwa don ya yi nauyi, da mai sa mai kyau a bakin buhu, duk algus suke yi, kuma hukuncin mai algus sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malami. Yarjejeniyar waje tana faɗin tsabtar kaya da yawan danshinsu da lamba, ana kuma ɗibar samfur a kai ɗakin gwaji. A dokar Viyana wajibi ne mai saye ya duba kaya da wuri ya sanar da aibi cikin lokacin da ya dace, in ya yi shiru haƙƙinsa ya faɗi, kamar dai yadda fiƙihu ya ce wanda ya ga aibi ya ci gaba da amfani da kaya ya yarda ke nan. Amma in ya sanar, ba ka da mafita.

Sai kuma warware ciniki idan farashi ya tashi. Ya tuna wa 'yan'uwa yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 750 a watan Yunin 2023, ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan gona suka bi ta. Mutane da dama da suka karɓi kuɗin wasu da alkawarin kawo kaya sai suka sayar wa wanda ya fi tsada, suka dawo suna cewa kasuwa ce ta juya. Ya ce tashin farashi ba uzuri ba ne a shari'a, ba uzuri ba ne a dokar Turawa. Uzuri shi ne abin da ya fi ƙarfinka kuma ba ka iya hango shi ba, kamar rufe iyakokin ƙasa da aka yi a watan Agustan 2019, ko rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 2023, lokacin da motoci suka yi ta zama a hanyar Maraɗi. Shi ma wannan gara a rubuta tun farko abin da za a yi in ya faru.

TAMBAYOYI

Da aka ba da damar tambaya, wani ɗan'uwa daga Kibiya ya miƙe ya ce, Allah gafarta Malam, mene ne hukuncin sayar da abin da ba ya hannunka, tun da mai sayen waje yakan ƙulla ciniki ne kafin a tara kayan? Malam ya yaba da tambayar, ya ce nan ne wurin da ya kamata mai tsoron Allah ya yi taka-tsantsan. Shari'a ta halatta cinikin salam, wato a ba ka kuɗi yanzu ka kawo kaya daga baya, da sharaɗin a san nau'i da siffa da awo da ranar kawowa, kuma a biya kuɗin gaba ɗaya a farko. Malikiyya sun yi rangwamen jinkiri har kwana uku. Amma a ce ba kuɗi ba kaya, kowa bashi a wuyansa, wannan shi ne sayar da bashi da bashi da aka hana. Ya ce Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta duba wannan mas'ala a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta tsaya a kan haka ga kayan da ba ƙera su ake yi ba. Mafitar da ya fi natsuwa da ita, in ji shi, ita ce maganar farko ta tsaya a matsayin alkawari, ka tara kaya su shiga sitonka, sannan a ƙulla ciniki a kan kayan da ke akwai bisa siffa. Ya ƙara da cewa abinci da ka saya da awo ba ka sayar da shi sai ka karɓe shi, riɗi da wake kuwa abinci ne.

Wani ya yi tambaya kan kafin alƙalami, ko ya halatta a riƙe shi in mai saye ya fasa. Malam ya ce da wannan babi Imamu Malik ya buɗe littafin ciniki a Muwaɗɗa, kuma a wurinsa bai halatta a cinye shi ba, Hambaliyya ne suka halatta. Kan inshora kuma ya ce waccan Majalisa ta yanke tun 1985 cewa inshorar kasuwanci da aka saba akwai garari a cikinta, ta taimakekeniya ce ta halatta, kuma yanzu akwai kamfanonin takaful masu lasisi a ƙasar nan. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya sayar a kan FOB ko FCA, inda ba a ɗora masa yanka inshora ba.

Tambaya ta ƙarshe wani matashi ne ya yi ta, wanda ya ce an turo masa takarda shafi shida daga waje, ya karanta farashi da adadi ya ga sun yi masa, saura sa hannu. Malam ya ce, ɗan'uwa, je ka shafin ƙarshe tukuna, can ƙasa inda rubutu ya fi ƙanƙanta. Nan ake faɗin dokar wace ƙasa za a bi da kuma inda za a yi shari'a ko sulhu in an saɓa. Takardun da ƙungiyar FOSFA ta masu cinikin gyaɗa da waken suya da makamantansu ke amfani da su, alal misali, dokar Ingila suke bi, a Landan kuma ake zaman sulhunsu. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Niyok ta 1958 tun 1970, ma'ana hukuncin da masu sulhu suka yanke a can ana iya kawo shi kotun nan a zartar a kan dukiyarka. Ya ce ka lissafa kuɗin lauya a Landan ka gwada da dala 28,500 na kwantena guda, in ka ga ba za ka iya bin haƙƙinka can ba, to ka nemi a mayar da wurin sulhu Legas ko Abuja, in an ƙi kuma ka tsaya a kan sai an buɗe elsi, wanda wani banki a nan gida ya tabbatar, kafin buhu ɗaya ya bar sito. Ya umarci matashin ya kawo takardar bayan sallar La'asar su bi ta layi-layi tare da wani lauya daga cikin 'yan'uwa.